Shafin Asibitin Ido

Duk wanda bai san Uban Gizo ba, bai san yanar gizo ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani? Ofishinsa allon kwamfuta uku ne a kan tebur ɗaya, biyu a kashe, don kwarjini ba ya buƙatar wuta. Gilashin idonsa ba na magani ba ne, na ilimi ne.

"Mutanen da," in ji shi, yana juyi a kujera, "rubutu suke zubawa a shafi, kanu, sakin layi, mahaɗi, shi ke nan. Ko tsohuwar waya ta buɗe. Ina gwanintar take? Ni shafina sai ya tashi sama, ya yi rawa, ya sauko!"

Da asibitin ido ya ba shi aikin sabunta shafinsa, sai gwani ya zage damtse. Tsohon shafin laifinsa ɗaya: kowa na iya karanta shi. Ya share. Ya kawo rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, ruwan toka a kan fari. Lambar wayar likita ya ɓoye ta a bayan wani ido mai ƙiftawa. Matarsa ta gwada a wayarta, har ruwan shayi ya tafasa bai buɗe ba.

"Maigida, marasa lafiya fa za su shiga."

"Su sayi waya mai lafiya."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar ƙaddamarwa zauren asibiti ya cika. Uban Gizo ya yi jawabi a kan tarihin shafuka, daga zamanin duhu har zuwa haihuwarsa. Sannan ya danna. Intanet ɗin asibiti mai rauni ne. Wani ɗan zobe ya fito a allo yana zagaye, alamar shafi na lodi bai buɗe ba tukuna, jama'a na kallonsa kamar masu jiran jinjirin wata.

"Wannan ma cikin tsarin yake," in ji shi, gumi na bin wuyansa.

Da shafin ya gama jan ƙafa, shugabar ƙungiyar majinyata, wata dattijuwa makauniya, ta ɗaga hannu.

"Ɗana, wayata ce ke karanta min rubutu. Bari in nemi layin ganin likita."

Ta ƙure muryar wayar. Waya ta fara: "Hoto. Hoto. Maɓalli marar suna. Hoto." Duk shafin abu ɗaya tak aka rubuta wa bayani, kuma wayar ta karanto shi tiryan-tiryan: "Hoton Uban Gizo, gwani na gwanaye, yana tunani."

"Madalla," in ji dattijuwa. "Shi ne zai duba min idon?"

Kafin la'asar asibiti ya dawo da tsohon shafinsa. Uban Gizo ya tattara kwamfutarsa, ya shaida wa matarsa cewa duniya ce ba ta iso matakinsa ba tukuna.

Gaskiyarsa. Duniya na nan tafe. Tana dai lodi.