Akwatin da Kaka Ke Zama a Kai

"...Lafiya lau na tashi, mijin da ba ya cefane. Yau kuma dako ka koma?"

Haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta Dogo, makaɗin bes, jita mai kaurin murya. Ya shigo da jita a kafaɗa da sabon kan amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a hammata. Ƙarfe huɗu wata ƙungiyar makaɗa za ta gwada shi, ga shi ƙaramar sifikarsa in ya haɗa ta da kan, kukan sauro take yi. Ƙaton akwatin sifikar marigayi kakansa kuwa, shekara sha ɗaya ke nan Kaka ta shimfiɗa masa zane a bakin taga tana zama a kai.

"Amarya, kujerarki na zo aro."

"Aro? Bokitin da ka ara, mariƙinsa kawai ya dawo."

"Ke da sai an yi sallama uku kike ji, me za ki yi da sifika?"

"Kunne ne ya tsufa, ƙashi na nan. Haɗa ina zaune. In gwiwata ta ji, ɗauka. In ba ta ji ba, tafi da sauronka."

Dogo ya haɗa waya, ya murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, ya kaɗa.

"Subhanallahi! Wa ya taka wa akuya ƙafa?"

"Sabon kai ne fa, ƙarfinsa wat ɗari biyar!"

"Ko dubu ne. Girman kai rawanin tsiya. Kai umarni yake bayarwa, akwati ke magana. Rage maɓallin dama, mai tsinin muryar nan. Na tsakiya bar shi rabi. Sai ka tura mu jikin bango."

"Mu? Bari in nemo ƙarti huɗu."

"Siriri kamar sanda, tura! Shekara ashirin wa kake zaton yake murɗa wa kakanka maɓallan in yana kiɗa?"

Ya tura, yana nishin ƙarya. Ya taɓa tsirkiya mai kauri sau ɗaya. Sautin ya fito ƙasa-ƙasa, ya bi daɓe, cokali ya yi rawa cikin kofi. Kaka ta ɗora tafin hannu a katakon har sautin ya mutu.

"Ya gwiwar?"

"Ta ji," ta ce a hankali. Sai ta gyara murya. "Akwatin ta ji, ba kai ba. Yatsunka kamar kaza na tono."

"Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Sauko."

Ta sauko, ta naɗe zanen ta cusa masa tana dariya.

"Rufe shi, kada rana ta taɓa. In sun ɗauke ka, kujera mai hannu nake so."

"In ba su ɗauke ni ba fa?"

"Ka dawo bakin taga ka durƙusa. A bayanka zan zauna."