Rasuwar Halti Shodiyar, Wadda Ta Tafi da Ƙoshin Lafiyarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma jiki mai cike da sanyi, iyalan Si Lahdar Bin Amara na hawa na uku, gini na bakwai, unguwar ma'aikatan gidan waya a Satif, suke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urarsu ta dumama ruwa da ɗakuna, wadda kowa ya fi sani da Halti Shodiyar, wato Inna Shodiyar. Ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗan akwatinta na baranda, tana da shekara goma sha shida, a hannun maigidanta.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a shekarar da aka jawo gas unguwar, kuma tun daga ranar ba ta taɓa neman hutu ba. Aiki biyu take yi da ciki ɗaya. Tana dumama ɗakuna, amma da an buɗe famfo sai ta saki ɗakunan ta koma kan mai wanka, in ya gama ta dawo, ba ƙorafi. Ba ta da yawan magana. Iyakacinta "tik, tik, tik", sannan "fuuu", daga nan duk gidan ya san an tsira. A shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya kwana huɗu, gidaje uku na ginin a falon Si Lahdar suka yi zaman dirshan, kuma har yau ba wanda ya gode mata, shi aka yi ta yi wa godiya.

Ta bar 'ya'ya shida, wato lagireton dumama ɗaki da ke jikin bango, waɗanda tun ranar Alhamis suka yi sanyi ƙalau. Ta bar tawul huɗu da suka saba kwana a kansu, da kyanwar gidan da har yanzu take zuwa ta kwanta gindin na falo tana jira. Ta kuma bar Hajja Yamina, mahaifiyar Si Lahdar, mai shekara tamanin da huɗu, wadda ita ce aka fi tausaya wa, kuma ita ce aka fi tsoro.

Abin da aka ɗauka rashin lafiya ne ya fara a farkon hunturu. Ruwan shawa ya daina zafi. Bai yi sanyi ba balle mutum ya haƙura, ɗumi-ɗumi ne kawai, irin na shayin da aka manta a tebur. Hajja Yamina kuwa wankan Juma'arta sai da ruwan da ke sa fata ta yi ja. Ta jure Juma'a biyu. A ta uku ta fito daga banɗaki naɗe da bargo, ta zauna, ta ce:

"Ɗana, ban ce ka yi laifi ba. Amma Mulud ya ce in zo wurinsa a garin Annaba. Ya ce ruwansu har tsoronsa ake ji."

Mulud ƙanen Si Lahdar ne, kuma shekara goma ke nan yana neman ɗauke tsohuwar don a ce shi ne ɗa. Si Lahdar ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Ya san in mahaifiyar tasa ta tafi ba za ta dawo ba, kuma ya san abin da dangi za su faɗa a kowane biki: babban ɗa ya kasa ba uwarsa ruwan zafi. Ya roƙe ta mako guda.

Ya kamata a rubuta, don adalci, cewa Si Lahdar ya yi jinyar marigayiyar da gaske. Shekara talatin ya yi a bayan kantar gidan waya, kuma tun da ya yi ritaya ya yarda cewa ba abin da sukundireba ba za ta warware ba. Ya murɗa maɓallin zafi har ƙarshe. Ya ƙara mata ruwa har allurar ma'auninta ta hau. Ya bubbuge ta a gefe kamar mai lallashi. Ya kai maganar gidan gahawa, inda tsofaffi bakwai suka taru a kan magana ɗaya: farar ƙasar da ruwan Satif ke bari a bututu ce ta toshe mata ciki. Ya ɗura mata ruwan khal kwalba uku, gidan ya yi kwana biyu yana warin salak, shawa tana nan yadda take.

Duk wannan zirga-zirgar ta cikin kicin yake yin ta, don ta nan ake fita baranda. Yakan wuce ta bayan matarsa, Nasira, tana wanke-wanke, tururi na tashi daga kwanukan. Sau biyu ta yi magana.

"Si Lahdar, ni fa a nan ruwan ƙona min hannu yake yi."

"Ke kin san kan inji ne? Ki ji da tukwanenki."

Ta ji da tukwanenta. Shi kuwa a shekara talatin da biyar na aure bai taɓa tara hannunsa a famfon kicin ba, bai kuma ga dalilin farawa a wannan makon ba.

Ranar Alhamis, Hajja Yamina ta sa aka sauko mata da akwati daga saman kwaba. Ganin akwatin ne ya gigita shi. Ya sauka kanti ya sayo asid ɗin da ake wanke masai da shi, ya kwance cikin marigayiyar, ya ɗura. Ta yi wani gurnani da ba a taɓa jin ta yi ba. Ruwa ya tsattsafo ta inda bai kamata ba, ya sauka kan wayoyinta. Ta ce "tik". Ta sake cewa "tik". Aka jira "fuuu", ba ta zo ba.

Sai a lokacin aka kira Ammi Buzid mai gyaran famfo. Ya leƙa cikinta, ya shinshina, ya cire hularsa. Ya tambaya ko ruwan kicin ma ɗumi-ɗumi yake zuwa.

"Ƙuna yake yi," in ji Nasira, idonta a kan mijinta. "Yake yi dai, kafin yau."

Ammi Buzid ya wuce banɗaki, ya kwance kan famfon shawa, ya zaro wani ɗan abu da bai kai babban yatsa ba, wanda ke gauraya ruwan zafi da na sanyi. Ya maƙale, yana ta sako sanyi.

"Si Lahdar, ga mara lafiyarka nan," ya ce. "Minti goma ne aikinsa. Waccan baiwar Allah kuwa lafiyarta ƙalau ka yi mata tiyata."

Saboda haka iyalan suna so a sani cewa marigayiyar ba ta gaza ba ko da rana ɗaya. Duk abin da aka faɗa a kanta a gidan gahawa ƙazafi ne, kuma ana roƙon tsofaffin nan bakwai su janye maganarsu.

Da safiyar Juma'a Si Lahdar ya shiga kicin, ba don wucewa ba. Ya tambayi Nasira inda babbar tukunyar kuskus take, ya cika ta, ya ɗora a wuta, ya tsaya a kanta har ta tafasa. Sawu uku ya yi da bokiti zuwa banɗaki, yana nishi, yana gwada zafin da gwiwar hannunsa. Hajja Yamina ta daɗe a ciki. Da ta fito, jajur, ta dube shi ya jiƙe har gwiwa, ta dubi akwatin, ta ce wa Nasira ta mayar da shi inda yake, yana tare hanya.

Za a sauko da gawar ranar Asabar da hantsi, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da motarsa. Ana neman maza huɗu masu lafiyar baya, don matakalar tana da kwana-kwana. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. Za a karɓi gaisuwa a kicin, nan ne kaɗai ke da ɗumi, kuma kowa ya zo da bargonsa. Ana roƙon masu zuwa daga Annaba kada su wahalar da kansu, an yafe musu.

Game da wadda za ta gaji marigayiyar, Ammi Buzid ya ce zai iya kawo ta ranar Litinin. Hajja Yamina ta ce gaggawar me ake yi, a bari a yi arba'in tukuna. Juma'a shida ke nan, kuma ta ce ruwan nata, Lahdar ne zai dafa.