Rasuwar Masinja, Mai Layi Arba'in da Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni mai kula da kwamfutocin wannan asibiti, a madadin ɗakin kati da ɗakin magani, nake sanar da rasuwar Masinja, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi bayan jinyar kwana uku.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Masinja ɗan rubutu ne na kwamfuta, layi arba'in da bakwai kacal. Aikinsa ya je rumbun bayanai, ya ɗauko katin mara lafiya, ya kawo kan allo. Shekara goma sha ɗaya yana wannan zirga-zirga, bai taɓa neman hutu ba. Maigidana Mai Tabarau, wanda ya koya mini wannan sana'a, shi ya rubuta shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya son hoto, don haka babu ko ɗaya a ofis. Masinja kaɗai ya rage mana da muryarsa a ciki.

Ai marigayin yana magana. Idan rumbu ya yi jinkiri, ba ya zubo wa mutum jan Turanci irin na manhajojin zamani. Sai ya rubuta: "Rumbu bai amsa ba. Sha ruwa, ka sake gwadawa." Kuma ana sha. Hajiyar ɗakin kati gora ta ajiye a gefen kwamfuta musamman dominsa.

Ciwon ya fara ranar Litinin. Manaja ya ce a sabunta rumbu, ni kuma da rawar jiki na sabunta, ban tambayi dattijo Masinja ko zai iya ba. Ya je ɗauko kati, ya dawo hannu rabbana. Na canza kalmar sirri sau uku har na manta ta gaskiyar. Na duba lambar ƙofar da yake shiga, tana nan daram. Na kashe, na kunna. Na zargi mai shara da ture waya, ga shi ina neman afuwarta a bainar jama'a. Layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa, Hajiya ta koma biro da takarda, ta shanye gora huɗu.

Ranar Laraba na gano ciwon: sabon rumbun ba ya amsa irin sallamar da Masinja yake yi, salon ya tsufa. Maganin aikin awa ɗaya ne, a rubuta sabo a ajiye tsohon. Na sani sarai, amma na ja bakina, na ƙara kwana guda ina jijjiga wayoyin da lafiyarsu ƙalau. Hajiya ce ta kama ni. Ta ce, "Ɗana, na san wa kake jinya, kuma ba kwamfuta ba ce. Amma ga mai ciki can a tsaye tun safe." Na zauna na rubuta sabon, ina share hawaye ina cewa hasken allo ne.

Ya rasu ya bar firinta mai cin takarda, da gorar Hajiya, da magajinsa mai layi ɗari uku, wanda yake da sauri amma ba shi da ladabi.

Za a yi masa sutura gobe da ƙarfe goma a ɗakin kati, inda za a sa shi cikin jakar tsofaffin fayiloli. Ba za a goge shi ba. Manaja ya yarda kowa ya halarta, muddin ba a bar tagar kati babu kowa ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambaye ni ko na gwada kashewa da kunnawa.

Layi ɗaya ne ba za a binne ba, na ɗauke shi na dasa cikin sabon. Duk ranar da rumbu ya yi jinkiri kuka ga an ce ku sha ruwa, kada ku kira ni. Ku sha, ku yi wa Mai Tabarau addu'a, sannan ku sake gwadawa.