Fiyanon da Bai San Gaisuwa Ba

Ko na manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Shagari, ranar da muka yi wa Hedimasta Malam Ummaru bankwana tana nan daram a kaina. Har yau idan na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina da wani fiyano na hannu da na saya a Sakkwato, irin na masu waƙa a situdiyo. Ba wani kiɗa na iya ba (matata Asabe ta ce abin da nake bugawa ya fi kama da kukan injin niƙa in ya sami dawa mai danshi), amma na gano wani abu a cikinsa da ya kumbura mini kai. Ana iya tsara masa ƙarfin sauti tun kafin lokaci: ka ce masa nan ka yi ƙasa, bayan minti kaza ka tashi, sai ya bi da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Na yi makonni a ɗakina na Boɗinga ina wasa da wannan, ina jiran ranar da duniya za ta gani.

Da aka sa ranar bankwana, ni na kai kaina. Na ce zan sa kiɗa mai sanyi a ƙarƙashin jawabin Hedimasta, in ya gama kuma kiɗan ya tashi da ganguna don a yi tafi. Malam Ummaru mutum ne mai kawaici, ya amince. Ana gobe taro na same shi a ofis na roƙe shi ya karanta mini jawabin ina duba agogo. Minti shida cif.

Da ya ninke takardar sai ya ce akwai magana ɗaya da bai rubuta ba. Shekara bakwai da suka wuce ya yi wa Malam Sahabi, malaminmu na Larabci, faɗa a gaban ɗalibai saboda makara, bai san a ranar daga asibiti yake ba, inda ya baro mahaifiyarsa ba yadda take. Tun daga nan sallama kaɗai ke haɗa su.

“Gaban mutane nik kunyata shi,” in ji shi, “gaban mutane ya kamata in roƙe shi. In ban yi gobe ba, ban san ran da za ni samu ba.”

Da mai hankali ne ya ji wannan, da ya ajiye kayan kiɗansa a gida. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne: minti shida da ɗaya, bakwai. Na koma na tsara wa fiyano ya tashi a minti na bakwai.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin makaranta. Na jona fiyano da lasifika, Hedimasta ya karɓi makirfo, na danna, sannan na taka har can rumfar ƙarshe na zauna na harɗe ƙafa. Da gangan na yi nisa, don kowa ya ga ba hannuna a kai.

Abin da ban sa a lissafi ba, ni da aka haifa a Boɗinga, shi ne gaisuwa. Babu ita a takarda, don ba wanda ke rubuta ta. Malam Ummaru ya fara da wakilin Hakimi, ranka shi daɗe, Allah shi ja zamani, aka amsa. Ya juya ga Liman, ga sakataren ilimi, ga masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da addu'arsa. Yana cikin haka wani dattijo daga Dandin Mahe ya iso a makare, aka tashi aka ba shi kujera, aka gaishe shi da hanya. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina jin daɗin kiɗana, ban ko kalli agogo ba.

Ganin rana ta yi, Hedimasta ya karanta layi kaɗan ya ajiye takardar. Ya cire tabarau, ya nemi inda Malam Sahabi yake zaune. Muryarsa ta yi ƙasa.

“Malam Sahabi, akwai wata rana da ni...”

Nan minti na bakwai ya cika. Ganguna suka barke kamar an shigo da amarya. Wakilin Hakimi ya zabura har ya dafe rawaninsa. Ɗalibai, da na koya musu su yi tafi da zarar kiɗa ya tashi, suka bi umarni da iyakar ƙarfinsu. Muna ganin bakin tsohon yana motsi, hawaye a idonsa, ba mai jin ko kalma ɗaya.

Na ruga, babbar riga tana harɗe ni. Na ja maɓallin sauti ƙasa, ya lafa kaɗan, ya sake tashi, don na tsara masa ya riƙa hawa sau uku (ni da kaina na zauna na ƙawata wannan wurin). Na danna nan, na danna can, sai ga algaita ta shigo. Ban ankara ba na ga mutum ya wuce ni a natse, ya sunkuya ya zare wayar daga janareta. Malam Sahabi ne, wanda tun farko ya ce bai ga abin da ya kawo kiɗa bankwanan dattijo ba.

Komai ya mutu, har makirfo. Filin ya yi tsit. Ga Malam Sahabi tsaye da waya a hannu, taku uku tsakaninsa da Hedimasta. Malam Ummaru ya dubi makirfon, ya ajiye shi a tebur, ya sake faɗin maganar tun daga farko da muryarsa ta Allah. Na ji ta duka, don ina durƙushe a wurin. Ya ce ya zalunce shi, ya roƙi gafara. Malam Sahabi ya ajiye wayar.

“Na yahe, Malam,” ya ce. “Da ka hwaɗa min haka cikin ohis tun shekarar, da ya isa.”

Suka yi musafaha, ba tafi, ba kiɗa. Ni dai kunya ta hana ni miƙewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar da mutum ya yi shekara bakwai yana tattaro ƙarfin faɗa, ni na sa shi ya faɗe ta sau biyu.

A hanyar Boɗinga na gwada ce wa Asabe ai ba don ni ba da ba su tsaya kusa da juna ba. Ta dube ni, ta dubi fiyanon da ke kan cinyata, ta mai da idonta kan hanya har muka sauka.

Fiyanon yana nan a ɗaki, ina bugawa jefi-jefi. Amma in ana magana a kusa, hannuna ba ya barin maɓallin sauti, idona kuma yana kan bakin mai maganar.