Tafintan da Ya Haukace

"...da aiki kuma, maigida, in dai zura wa gilashin kwamfuta ido aiki ne."

Kaka ce ta leƙo ɗakin jikanta da la'asar, yayyafi na gangarowa a jikin taga. Kwana uku ke nan yana fama da manhajar da ya rubuta wa wani ƙaramin asibiti. Da an danna maɓallin ajiye sunan majiyyaci, sai shafin ya rufe kansa. Gobe za a fara aiki da ita.

"A'a, amarya mai haƙori huɗu! An gama yajin?"

"Wa zai ɓata yajinsa a kan mijin da ko wanka ba ya yi? Me ya tsare ka?"

"Harsunan kwamfuta biyu ne. Da ɗaya nake rubutu, ɗayan ke zana shafuka da maɓallai. Akwai tafinta tsakaninsu, shi ya haukace."

"Zama da kai ne."

"Ke da rediyo ma sai an kunna miki."

"Ni da na yi shekara arba'in kan keken ɗinki? Maɓallan da na ɗinka sun fi gashin kanka yawa."

Ta zauna bakin gado, ta lumshe ido, muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗazu barci ya ɗauke ni, na gan ni a tsohon shagonmu. Maɓallai na saukowa daga rufi a hankali, farare, shuɗɗa. Na kama ɗaya ina ɗinkawa, sai ƙanwata mai shara ta zaci ba mai shi, ta share shi. Ni kuwa ina ta soka allura a iska."

Yatsunsa suka tsaya. "Ta share, alhali kina riƙe da zaren?"

"Kurma ne kai?"

Ya juya ga allon. Haka ne kuwa: harshen rubutun yana zaton an gama da maɓallin, sai ya share shi, ɗayan kuma yana nemansa. Ya ƙara wa tafintan layi ɗaya, cewa ya riƙe maɓallin har a sallame shi. Ya danna. Shafin bai rufe ba. Ya sake dannawa sau goma.

"Wa ya gyara?" in ji Kaka, idonta a rufe.

"Mafarki."

"Na wa?"

Ya yi dariya har da kifa kai a tebur. "Na sallama. Zan rubuta a bayanin gyaran cewa Kaka ce ta gano."

"Ka sa 'Kaka kyakkyawa'."

Ya sa.