Hoton Ladingo a Bakin Kadarko

Shekarar da gara ta cinye kadarkon Kogin Marke, babu dabbar da ba ta sani ba a dajin. Kogin ya raba ƙasar biyu. Fada da kasuwa suna hayin can, jakuna da tumaki da sauran masu ɗaukar kaya suna hayin nan. Kadarkon na katako ne tun na kakanni. Idan aka taka shi sai ya yi ƙara, gari yana zuba daga ƙarƙashinsa kamar ana tankaɗe. Masu tsoro sukan zagaya can nesa ta kan duwatsu, su isa kasuwa ta kusa tashi. Jakuna sun kai kuka fada har muryarsu ta dushe. Sarki Zaki ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don kadarkon ba, don surutun.

Sai aka kira Dila. Dila yana da kamfanin talla mai suna Kamfanin Sheƙi, shi da Hawainiya mai zane da ɗaukar hoto, da Aku mai waƙa. Sana'arsu ita ce su sa a so abu. Su ne suka taɓa sa tumaki suka yi layi a ƙofar kuraye don a yi musu gwajin ƙiba kyauta. Dila ya ce wa Sarki kadarko lafiyarsa ƙalau, tunanin talakawa ne gara ta ci, kuma gyaran wannan shi ne aikinsu.

Suka shafe kadarkon da fenti mai ƙyalli, amma ɓangaren da ke fitowa a hoto kawai. A wajen mutanen Dila, abin da bai fito a hoto ba babu shi a duniya. Aku ya tsara waƙa, safe da yamma tana tashi a rediyo: “Taka da ƙarfi, taka da ƙarfi, kadarkon Zaki ba ya motsi.” Saura fuskar da za a sa a allon talla.

A hayin nan akwai wata jaka mai dakon itace, sunanta Tasalla. 'Yarta ɗaya ce tak, Ladingo, mai farin baki da manyan idanu, ga rawar kai. Wata rana ta shigo gida da gudu, Hawainiya na biye da ita.

“Inna! Ni za a sa a allo! Ni fa, Inna!”

“Allon me kuma?”

“Na kadarko. Wai duk dajin nan babu mai haƙorana.”

Tasalla ta dubi Hawainiya sama da ƙasa. “Malama, 'yata ba za ta taka wannan abin ba.”

Hawainiya ta yi dariya har launinta ya canza. “Haba Inna, wa ya ce za ta taka? Mu kanmu ba ma takawa. A kan rairayi za ta yi tsalle, ni zan sa mata kadarkon a ƙarƙashin kofato.”

Haka aka yi. Aka kafa allo ƙato a bakin kogi, ga Ladingo a sama tana dariya, ƙafafu huɗu duk a iska, ga kadarko yana walƙiya a ƙarƙashinta. Yaran daji suka ɗauka. Kowane ɗan akuya so yake ya je tsakiyar kadarko ya yi tsallen Ladingo. Ita kuwa mai tsallen tana bin uwarta ta kan duwatsu, sa'o'inta suna yi mata ihu: “Ke da ke tashi sama a allo, ke ce ke bin tsohuwa ta bayan gari?”

Ta jure har damina ta yi nisa. Wata ranar kasuwa, Tasalla tana ɗaure kaya, ta ɗaga kai ba ta ga yarinyar ba. Waɗanda suka gani sun ce ba ta ma yi tsallen ba. Tafiya kawai take yi a hankali a kan kadarkon, katako ya buɗe, ruwa ya tafi da ita.

Washegari mutanen Dila suka zo da sauri. Suka shimfiɗa tabarma a kan ramin, suka yi mata fenti.

Allon kuwa yana nan. Duk safiya Tasalla ta fito sai ta ga 'yarta tana yi wa 'ya'yan wasu dariya, tana kiransu inda ta tafi. Abu ɗaya take so a duniya, a sauke hoton nan. Ta zagaya ta duwatsu ta je ofishin Kamfanin Sheƙi.

Dila ya tarbe ta da hannu biyu. “Inna, sannu da haƙuri. Wallahi mun yi rashi. Yarinyar nan ta karɓu, ba mu taɓa samun fuska irinta ba.”

“Yallaɓai, hoton na zo a sauke.”

“A sauke? Yanzu da ake kallonsa fiye da da? Tun da abin ya faru kowa sai ya tsaya ya duba. Inna, ba ki san talla ba.”

“Ban sani ba. Na dai san ita ce a jiki, kuma ni na haife ta.”

“Ke kika haifi yarinyar, mu muka haifi hoton.” Sai ya tsaya, ya karkata kai yana kallon fuskarta. “Hawainiya, zo ki ga. Dubi yadda hawayen ke bin nan. Inna, ɗan juyo wajen haske. Za ki iya sake yi?”

Tasalla ta fita, ta nufi fada.

Ta tarar majalisa ta cika. Ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, kadarko ya ci 'yata, kuma zai ci na wasu. Ban zo a biya ni ba. A cire fuskarta daga bakinsa kawai.”

Kura, Ministar Ayyuka, ta miƙe tana gyara riga. “Allah ya ja zamanin manyan dawa. Wannan gwamnati tana tare da iyaye mata ɗari bisa ɗari. Mun kaɗu. Tuni muka kafa kwamiti mai ƙarfi don ya binciki kogin, kuma duk ruwan da aka samu da hannu a ciki zai fuskanci hukunci, komai zurfinsa. Sannan ina kira ga jakuna su rage nauyi kafin su hau kayan gwamnati.”

Aka yi tafi. Giwa, Shugabar Majalisa, ta ce a rubuta cewa majalisa ta yi jimami.

Dila ya nemi izini. “Ranka ya daɗe, matsalarmu ba kogi ba ce, jita-jita ce. Birai, masu wancan kamfanin da ke neman ƙwace aikin nan, suna yawo suna cewa hotunanmu haɗi ne. Amsar talla sai talla. Mai martaba da kansa, da dukan majalisa, a tsaye a kan kadarko, a gaban idon jama'a. Hoto ɗaya, bakin kowa ya mutu.”

Hawainiya ta ɗan yi fari, ta raɗa masa, “Oga, ba a kan rairayi ba?”

Zaki ya ji. Shi bai taɓa zuwa bakin kogin ba, amma kullum da waƙar Aku yake karyawa, har ya iya ta. “Rairayin me?” in ji shi. “Kadarkona ba ya motsi. Kowa ya sani, a rediyo ma ana faɗa.”

Dila ya duba fuskokin majalisa ya ga kowa ya yarda. Abin ya yi masa daɗi har shi ma ya ji ya yarda. Wane irin mai talla ne zai ƙi abin da duk ƙasa ta karɓa?

“Ita kuma uwar,” in ji Dila, “ta tsaya a gefe tana murmushi, a ga ta yafe wa kogi. Inna, ranar ba a son magana. Ki yi shiru kawai.”

“To,” in ji Tasalla.

Ranar ta zo, dajin duk ya hallara. Aka zagayo da Tasalla aka tsayar da ita a bakin ruwa. Zaki ya hau, Kura ta bi shi, ministoci suka bi Kura, Giwa ta taka a ƙarshe. Kadarko ya yi ƙara. Aku ya ɗaga murya don kada ƙarar ta ɓata shiri.

Hawainiya tana kan tudu tana leƙe ta na'urarta. “Ku matso tsakiya, can hasken ya fi. Ku ƙara matsowa. Hajiya Giwa, rabinki ba ya ciki. Ku haɗe sosai, a ga haɗin kai!”

Dila ya hango gashin wuyan Sarki ya kwanta gefe ɗaya. Ransa bai ba shi ya bar hoto ya lalace ba. Ya ruga kan kadarko ya gyara, ya juyo yana haki. “Yauwa! Yanzu idan na ce taka da ƙarfi, kowa ya yi tsallen Ladingo. A yi dariya!”

Tasalla tana ganin garin katako yana zuba cikin ruwa kamar ruwan sama. An ce ta yi shiru. Ta yi shiru.

Tsallen ya yi kyau, Hawainiya ta ce ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba. Saukowar ce ba a shirya ba.

Da ruwa ya lafa, babu kadarko, babu majalisa. Jama'a suka tsaya cirko-cirko. Tasalla ba ta jira kowa ba. Ta bi ta duwatsu ta koma hayinsu, ta juya wa turakun allon baya ta dinga harbi. Maƙwabciyarta Hansai ta zo ta kama mata, wasu jakunan suka zo, har allon ya kwanta. Suka ɗora mata a baya. Bai kai nauyin itace ba, amma sau da yawa tana tsayawa a hanya.

A bayan gidanta suka haƙa rami. Tunda kogi bai dawo mata da komai ba, hoton ta wanke, ta goge kadarkon da ke ƙarƙashin ƙafafun, ta naɗe sauran a sabuwar tabarma. Aka rufe. Sai a ranar ta zauna karɓar gaisuwa.

Ana zaune sai ga Hawainiya, ta riga ta koma launin birai, Aku na biye yana gwada sabuwar waƙa a ƙasan maƙoshi. Ta yi ta'aziyya kamar kowa. Sannan idonta ya sauka a kan 'yar Hansai da ke raba ruwan sha.

“Kai, masha Allah. Wannan 'yar wace ce? Sabuwar gwamnati za ta yi kwale-kwale, muna neman fuska. 'Yan mata, ɗan yi dariya mu gani.”

Tasalla ta miƙe ta tsaya a gaban yarinyar. Hansai ta miƙe. Ɗaya bayan ɗaya jakunan suka tashi, suka juya wa baƙin baya, kowa ya ɗan ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa.