Gyaɗar Da Ba A Rubuta A Leda Ba

Ko da zan manta da komai na shekarun aikina, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Makarfi ba, ranar da na tsaya gaban aji cike da mutane na karanta musu wautata da bakina, da murya mai ƙarfi, har ina ɗan dakatawa don in ba su damar yin dariya.

Bari in faro daga tushe. Ni ɗan Hunkuyi ne, aikin ofishin gona ya kai ni Makarfi. Ina da wani hali da na daɗe ina ɗauka baiwa ce: ba na iya ganin kuskure in wuce. Ko a allon shago na ga an rubuta kalma ba daidai ba, sai na tsayar da babur na sauka. (Matata ta rantse cewa ko a ranar ɗaurin aurenmu sai da na gyara wa maroƙi sunan kakana. Ban musa ba, don kuwa ya faɗe shi ba daidai ba.)

Abokin aikina Nasiru ne ya nuna mini wata manhaja a waya, wani irin rumbu na bayanan abinci wanda kowa ke zuba nasa a ciki. Ka ɗauki hoton leda ko gwangwani, ka rubuta kayan haɗin da ke jiki, sannan ka maƙala masa alama: akwai sukari da yawa, akwai madara, akwai gyaɗa, da sauransu. Mai ciwon sukari, ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, sai ya duba kafin ya saya. In kuma ka ga wani ya sa alamar da ba daidai ba, akwai wurin kai ƙorafi. Wasu masu dubawa, waɗanda ban san ko a wace ƙasa suke zaune ba, su kalli hujjarka, in ta gamsar da su su cire alamar.

Wurin kai ƙorafin nan kamar domina aka gina shi. Nasiru yana ta fama da ɗaukar hotunan kayan garinmu yana sakawa, ni kuwa ina biye da mutane ina farautar kurakuransu. Kuma a gaskiya na kama da yawa. Akwai wanda ya sa man ja cikin kayan sha, akwai wanda ya ce dakan kuka shayi ne. Duk ƙorafin da aka karɓa sai a ƙara maka tauraro kusa da sunanka, ni kuwa nakan buɗe waya in kalli taurarina kamar manomi yana zaga gonarsa da yamma.

Wata rana aiki ya kai ni Ikara, na biya kasuwa na sayi garin kunun yara wanda wata ƙungiyar mata ta garinmu Hunkuyi ke haɗawa. Leda ce mai tsabta, an manna mata takarda: gero, waken suya, dabino, citta. Shi ke nan. Da na dawo gida na duba shi a manhajar, sai na ga wani ya riga ni sa shi, ya kuma maƙala masa alamar "akwai gyaɗa". Sunan da mai alamar ya ba kansa shi ne Mai Alli.

Na juya ledar gaba da baya, ba gyaɗa. Na farke ta na shinshina, na lasa, ban ji gyaɗa ba. Nan take raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga matan garinmu suna neman na kansu, wani ɗan makaranta mai wasa da wayar yayansa ya zo zai kore musu masu saye. Na ɗauki hoton takardar, na zauna na rubuta ƙorafi. Na haddace shi har yau, don haka ga shi yadda yake:

"Wannan alama ƙarya ce tsagwaronta. Ga hoton leda nan, babu gyaɗa a cikin kayan haɗi. Wanda ya sa ta ko dai baƙin ciki yake yi da sana'ar bayin Allah, ko kuwa bai iya karatu ba. Ina ba shi shawara ya koma aji uku a koya masa baƙi da wasali."

Na karanta shi sau biyu, ya burge ni, na tura. Kwana biyu aka cire alamar, aka ƙara mini tauraro.

Bayan mako uku, mu masu yi wa manhajar aikin sa kai na Ikara da Makarfi da Kudan muka shirya ɗan taro a ajin wata firamare a Makarfi. Muka gayyaci masu ƙananan sana'o'in abinci don a nuna musu yadda ake amfani da manhajar. Da aka zo rabon aiki, kowa ya ce ai darasin kai ƙorafi ba shi da malami sai ni. Ban ko yi kawaicin cewa a ba wani ba. Na sa shaddata ta Juma'a, na kafa hula, Nasiru ya aro majigi da ɗan janareta.

Ina shiga ajin sai na hango Malama Hajara a bencin baya, tare da matan ƙungiyar nan masu garin kunu. Ita ce ta koyar da ni a aji uku a Hunkuyi. Ta daɗe da barin aiki, ta tsufa, amma zamanta na nan yadda na san shi, baya a miƙe, hannu bisa hannu. Na ƙarasa na durƙusa.

"Malama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya iyali? Ya wajen Innarka, ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Malama, alhamdu lillahi."

"Madalla. An ce yau kai ne malaminmu. To, ga mu mun zo ɗaukar karatu."

Maganar nan ta ƙara fasa mini kai. Na ce yau Malama za ta ga abin da ta shuka.

Na fara bayani tiryan-tiryan. Na nuna musu inda ake dannawa, da yadda ake haɗa hoto. Sannan na ce bari in kawo misali daga aikina. Na haska ƙorafina a bango, rubutu manya-manya, na juya wajen matan Hunkuyi na ce, "Iyayena, wannan ma kayanku ne na kare muku." Na karanta shi da salo, ina jan kalmomi. Da na zo kan "aji uku" samarin da ke gaba suka kwashe da dariya. Na ji daɗi, har na ƙara da abin da ba ya cikin rubutun: "Irin su Mai Alli ne ke zuba mana tsakuwa a rumbu."

Sai na ga hannu ya tashi a bencin baya. Malama Hajara ta dafa benci ta miƙe a hankali.

"Malam," ta ce, (ba ta taɓa kira na da Malam ba sai ranar), "ni ce Mai Alli."

Duk ajin ya juyo yana kallona. Wani gumi ya keto mini daga ƙarƙashin hula.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana da jika, Safiya, 'yar shekara huɗu, wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Wata rana ta dama mata kunun garin nan, da yake ta karanta ledar ta ga ba gyaɗa. Kafin yarinyar ta shanye kofi, leɓɓanta sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, sai da aka gudu da ita asibiti. Da Allah ya ba ta lafiya, Malama ta taka da ƙafarta ta je wajen matan ta tambaye su. Daga nan ta wuce wajen mai injin niƙa, ta zauna ta ga yadda ake yi.

Shugabar matan, Hajiya Asabe, ta karɓe daga inda take zaune. "Wallahi haka ne. Mu ba mu sa gyaɗa, shi ya sa ba mu rubuta ba. Amma inji ɗaya muke kaiwa da masu yajin ƙuli-ƙuli. In an sauke nasu sai a zuba namu."

Malama ta ci gaba. "Uwar Safiya tana aure a Ikara. Makon jiya ta duba waya ta ga alamar ba ta nan, ta ɗauka an canza inji, ta sayi leda biyu. Allah ne ya sa ta kira ni don ta yi mini albishir kafin ta dama." Sannan ta ce, "Ni ma da laifina. Na sa alamar ban rubuta dalili ba, don ban san akwai wurin rubutawa ba. Shi na zo koyo yau."

Ta koma ta zauna.

Duk wannan lokacin ƙorafina yana nan a bango. Na kai hannu in rufe shi, sai na danna wani wuri daban, rubutun ya ƙara girma, har "baƙi da wasali" ya cika rabin bango. Matar da ta riƙe hannuna ta koya mini baƙi da wasalin tana zaune tana kallo. Nasiru ne ya ji tausayina ya zare wayar majigin. (Har gobe ina ganin wannan shi ne alheri mafi girma da wani abokin aiki ya taɓa yi mini.) Ban san yadda aka ƙarasa taron ba. An ce na yi addu'ar rufewa, ni dai ban tuna ba.

Da aka watse na same ta a gindin darbejiya tana jiran motar Hunkuyi. Na durƙusa, shadda a ƙasa, na kasa haɗa ido da ita.

"Malama, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban san ke ce ba."

"Da wani ne fa?" ta ce.

Ina nan durƙushe, ta ci gaba da cewa:

"Tashi, kada ka ɓata rigarka. Na yafe. Ledar ka karanta ta daidai, ban ji kunyar karatunka ba. Tambaya ce ban koya maka ba, ko kuma na koyar ranar ba ka zo ba."

Ranar Litinin na nemi izini a ofis na hau babur zuwa Hunkuyi. Na zauna a wajen mai injin na ga abin da ta gani da idona: aka sauke kwanon yaji ja wur da ƙuli, ya ɗan bubbuga bakin injin da tafin hannu, ya zuba geron wata. Da na tambaye shi ko yana wankewa a tsakani, ya dube ni da mamaki ya ce, "Ranka ya daɗe, injin gari ne, in ruwa ya shiga ai aikin yini ya tsaya." Shi ma ba mugunta yake yi ba, ba wanda ya taɓa gaya masa ɗan burbushi yana iya kwantar da yaro.

Na ɗauki hotuna da izininsa, na koma na rubuta sabon ƙorafi, wannan karon a kan ƙorafina na farko. Na ce ni ne na sa aka cire alamar, kuma ni ne mai kuskure. Cirewa ta ɗauki kwana biyu, mayarwa sai da ta ci fiye da mako, ana ta neman ƙarin bayani. A ƙarshe aka mayar, da rubutu a ƙasa cewa ana iya samun burbushin gyaɗa daga wurin niƙa. Su Hajiya Asabe ma suka ƙara layi ɗaya a takardarsu, suka kuma roƙi mai injin ya riƙa fara niƙa nasu da safe bayan ya share.

Kunyar ajin ta wuce, yanzu har ina iya ba da labarin a yi dariya da ni. Abin da bai wuce ba shi ne wancan wata guda da alamar ba ta nan. Uwar Safiya dai ta kira Malama kafin ta dama. Ban san ko akwai wata uwar da ta duba, ta yarda da abin da ta gani, ba ta da wanda za ta kira ba. Ba ni da hanyar sani, kuma na daina fatan zan sani.

Ban daina kai ƙorafi ba, don kuskure yana nan, kuma gyara shi aikin kirki ne. Sai dai yanzu kafin in ce a cire, nakan fara aika wa mai alamar tambaya: me ka gani wanda ni ban gani ba? Sau da yawa kuskure ne kawai, mu gyara cikin mutunci. Wani lokaci kuwa amsar takan sa in ajiye waya in bar alamar yadda take.

A duk rayuwata ban taɓa faɗawa gidan mutum ba tare da sallama ba, ko da gidan ƙanena ne. Amma da aka ba ni waya da wurin dannawa, sai na riƙa banke ƙofofin mutane ina shiga da takalmi. Yanzu kam ina yin sallama, in jira a amsa, don ban san wa zai fito ba.